KYAUTAR SALLAH DA IDON WAYA: TSAKANIN GODIYA DA FARIYA

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyarmu ta 'yan asalin Kwandiko mazauna birane, lokacin hutun Sallah

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

 

GABATARWA

Da aka nemi in yi jawabi a wannan taro, na ɗauka batun rijiya ko rufin makaranta za a ba ni. Sai shugabanni suka ce in yi magana a kan wata ɗabi'a da ta shigo mana, wato ɗora hotunan kyaututtukan Sallah a kafofin sada zumunta. Wani zai ga abin bai kai a tara dattawa a kansa ba. Ni ma haka na ɗauka da, kafin abin ya faɗo a kaina. Saboda haka zan fara da laifina, kafin in taɓa na kowa.

Shekaru kaɗan da suka wuce, ana saura kwana uku ƙaramar Sallah, na zo gida na kai wa wata gwaggona da mijinta ya rasu ɗan buhun shinkafa da turmin atamfa da abin cefane. Yaron da ya rako ni ya ɗauke mu hoto ina miƙa mata, tana durƙushe tana sa albarka. Da dare na ɗora hoton a wayata, addu'o'i suka yi ta shigowa, na kwana ina jin daɗi. Bayan Sallah sai ɗanta, wanda ke karatu a birni, ya same ni. Ya gaishe ni, kansa a sunkuye, ya ce, "Yaya, Inna ta ce a ƙara yi maka godiya. Sai dai hoton nan ya kai har makarantarmu." Bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Da shekara ta zagayo na koma da kaya, aka ce mini ta tafi ganin 'yarta a wani ƙauye. Na san ba ganin 'ya ya fitar da ita ba. Ta zaɓi ta yi Sallah ba shinkafa, da a sake nuna ta ga duniya tana karɓa.

Tun daga ranar nake tambayar kaina: mene ne na ba ta, mene ne kuma na karɓe daga gare ta?

YADDA MUKA GADA

Kada mu yi wa kanmu ƙarya, nuna kyauta ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Mu ne muke shimfiɗa tabarma a tara mata kallon lefe. Mu ne muke jera gara a kai ta gidan ango da rana tsaka. A wajen biki, maroƙi yakan ɗaga abin da aka ba shi ya faɗi sunan mai bayarwa da na ubansa. Ranar Sallah kuwa yara sukan fito da sababbin ɗinkuna su zaga dangi, a ba su barka da Sallah, su koma gida suna ƙirga abin da suka samu a gaban kowa.

Amma wannan nuni yana da ladabinsa, kuma duk wanda ya tashi a Kwandiko ya san shi ko da ba a karanta masa ba. Na farko, wanda aka ba shi ne ke nunawa. Idan kawunka ya ɗinka maka riga, sai ka kai wa mahaifinka ka ce, "Baba, a taya ni godiya." Mahaifin ya tashi ya taka har gidan kawun, ko ya aika da goro. Hausawa suka ce yaba kyauta tukwici, shi ya sa ba a barin ɗan aike ya koma hannu rabbana. Shi kuwa mai bayarwa, nasa shi ne ya kawar da kai ya ce ai ba komai, yi wa kai ne.

Na biyu, nunin yana da iyaka. Ana nuna wa wanda godiyar ta shafa: uwa, uba, miji, maƙwabci na kusa. Daga zaure zuwa tsakar gida labarin ke tsayawa, bayan kwana biyu an manta.

Na uku, akwai kyautar da ba a nunawa sam. Hatsin da ake kai wa gidan marayu, da zakkar fidda kai, wato sa'i guda ko mudun Annabi huɗu a kan kowane mutum, da kuɗin da ake cusa wa dattijon da ƙarfinsa ya ƙare a cikin musafaha, duk waɗannan a rufe suke tafiya. Iyayenmu mata sukan rufe kwano da faifai, su jira duhun magariba, sannan su aiki yaro, su ja masa kunne kada ya tsaya a hanya. Wannan faifai shi ne abin da muke kira rufin asiri. Addu'ar da Bahaushe ya fi yawan yi wa kansa da wanda yake ƙauna ke nan: Allah Ya rufa asiri.

ABIN DA WAYA TA SAUYA

A shekarar 2001 aka fara amfani da wayar salula a Nijeriya. Facebook ya fito a 2004, WhatsApp a 2009, Instagram a 2010, daga baya TikTok ya biyo su. Ba mai musun alherin da suka kawo mana. A da, ɗan Kwandiko da ke Legas sai ya sami mai zuwa gida kafin ya aika da wasiƙa da kuɗin Sallah. Yau yana zaune zai turo, ya kuma ji muryar mahaifiyarsa. Ita kanta ƙungiyar nan da waya take kiran taro.

Sai dai wayar ta juya ladubban nan uku da na ambata. Yanzu mai bayarwa ne ke nunawa, shi ke ɗaukar hoto, shi ke karɓar yabo. Iyaka kuma ta kau, domin hoton da aka ɗauka a wani lungu na Kwandiko da hantsi, kafin azahar ya isa Jidda, kuma ba ya gogewa. Bayan shekara goma ana iya tono shi a ranar da yarinyar da ke cikinsa za ta yi aure. Kyautar da ake rufewa da faifai kuwa, ita ce ma aka fi ɗauka a hoto, saboda ita ta fi jawo "Allah Ya saka da alheri."

Nunin ya kasu kashi uku. Akwai na mai bayarwa ga mabuƙaci, irin nawa. Akwai na wanda aka ba, kamar budurwar da ke baje kwandon azumi ko toshin Sallah, ko matar da ke jera leshi da shadda da takalma tana sa wa maigida albarka a gaban mutum dubu. Akwai kuma na mai nuna abin da ya saya wa kansa, wanda ragon layya ya fi shan wahalarsa: a ɗauke shi ta gaba, a ɗauke shi ta gefe, har a faɗi kuɗinsa.

HUJJAR MASU NUNAWA

Adalci ne mu saurari masu yin haka, domin da yawansu 'ya'yanmu ne da ƙannenmu, kuma ba duka ne ke da mugun nufi ba. Sukan ce Allah Ya yi umarni a ƙarshen Suratud Duha da a ba da labarin ni'imarSa. Sukan ce ganin alheri yana sa a yi koyi. Wani ba zai tuna da marayun unguwarsu ba sai ya ga abokinsa ya yi. Sukan ce matar da ta yaba wa mijinta a fili ta fi wadda ta raina. Masu tara gudummawa kuma sukan ce hoto shi ne shaidarsu, don kada a ce sun ci amana.

Duk waɗannan maganganu suna da ƙamshin gaskiya. Aya ta 271 ta Suratul Baƙara ba ta hana bayyana sadaka ba, ta yaba da shi, sannan ta nuna cewa ɓoyewa a kai wa matalauta ya fi alheri ga mai bayarwa. A shekara ta 9 bayan Hijira, lokacin shirin yaƙin Tabuka, a fili Sayyidina Abubakar da Sayyidina Umar da Sayyidina Usman suka kawo dukiyarsu, jama'a na gani. Amma mu lura, wannan gudummawa ce ga aikin al'umma, ba a tsayar da wani miskini a gaban jama'a ana miƙa masa ba. Idan aka zo kan taimakon mutum ɗaya, misalin da malamai ke kawowa shi ne na Aliyu ɗan Husaini, Zainul Abidina, wanda yakan saɓa buhun abinci da dare ya ajiye a ƙofofin matalautan Madina. Ba su san mai kawowa ba sai da ya rasu abin ya yanke. Aya ta 264 ta wannan sura kuwa ta yi gargaɗi cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka, ta kuma haɗa su da ciyarwa don ganin ido. Ina roƙon malamanmu da ke nan su gyara mini in na kauce, amma a ganina hoton da zai sa ɗa ya sunkuyar da kai a cikin abokansa ya shiga sahun cutarwa, ko da mai ɗaukarsa bai nufa ba.

WA KE BIYAN KUƊIN HOTON?

Ya 'yan uwana, mu dubi lokacin da muke ciki. A binciken talauci mai fuskoki da yawa da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022, mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin 100 na 'yan Nijeriya, suna cikin talauci. A karkara adadin ya kai kashi 72 cikin 100, kuma Jigawa tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Ranar 29 ga Mayu, 2023, aka janye tallafin man fetur. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. A watan Yulin shekarar 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, amma kafin ƙarshenta buhun shinkafa mai kilo 50 ya fi wannan albashi tsada a kasuwanni da dama. A gaban masu irin wannan hali muke baje kayanmu, domin waya ba ta tantance mai ƙoshi da mai yunwa.

Mutum na farko da ke biyan kuɗin hoton shi ne wanda aka ba. Na ba ku labarin gwaggona. Wanda ya karɓi mudu biyu na shinkafa aka watsa fuskarsa, ya biya da mutuncinsa, kuma shinkafar za ta ƙare a mako guda.

Na biyu shi ne magidanci mai ƙaramin ƙarfi. Ya yi noman geronsa da gyaɗarsa, ya sayar da ɗan riɗi a kasuwar Sara, ya ɗinka wa iyalinsa abin da ya sawwaƙa. Da can za a karɓa da murna. Yanzu matarsa ta riga ta ga abin da aka yi wa matar ƙaninsa a Abuja. Ko ba ta furta ba, ya gani a fuskarta. Daga nan ake cin bashi, ake sayar da akuyar da aka ajiye don takin damina, ake kuma jin saɓanin da ba a san tushensa ba. Kowa ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa.

Na uku su ne samari da 'yan mata. A da, saurayi yakan kai wa iyayen budurwa ɗan abin shan ruwa da toshin Sallah daidai ƙarfinsa, iyaye su sa albarka. Yanzu kwandon azumi ya zama gasa, ana auna soyayya da girmansa. Yaron kirki mai koyon sana'a ya ja da baya don kunya, wanda ba a san tushen kuɗinsa ba ya shige gaba. Wasu hotunan ma na aro ne, amma mai kallo bai sani ba, sai ya yi ta ƙunci a kan abin da babu shi. Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.

Na huɗu shi ne mai nunawar kansa. Wanda ya bayyana wa duniya abin da ya shigo da shi gida, da motar da ya zo da ita, da ranar da zai koma, ya ba da labarinsa ga masoyi da maƙiyi a lokaci guda. A wannan zamani na ɓarayi da masu garkuwa da mutane, ba sai na tsawaita ba. Ga kuma hassada da kambun baka, waɗanda iyayenmu ba su taɓa wasa da su ba.

Akwai kuma darasi daga rabon da ake yi wa shela. A watan Maris na 2024, cikin azumi, mutane sun rasu a turmutsutsun karɓar zakka a garin Bauchi, maƙwabtanmu, akasarinsu mata. A watan Disambar shekarar 2024, fiye da mutum 60 suka mutu a wuraren rabon kayan bikin ƙarshen shekara a Ibadan da Abuja da Okija, cikinsu har da yara 35 a Ibadan. Ban ce masu rabon sun yi don neman suna ba, Allah ne Ya san zukata. Abin da nake cewa shi ne, tara mabuƙata wuri guda a idon jama'a yana da haɗari, bin su gida a asirce kuwa bai taɓa kashe kowa ba.

Na biyar, wanda ya fi damuna a matsayina na ɗan ƙungiya, shi ne zumuncinmu. Ku duba wannan taro, ku ƙirga waɗanda ba su zo ba. Ba duka ne aiki ya riƙe ba. Akwai ɗan uwanmu mai gadi, da mai tura baro, da malamin makaranta, da wanda aka sallama daga aiki, waɗanda kuɗin mota ba zai gagare su ba, amma sun ga hotunan abin da wasu suka kawo, suka ce ba za su zo a auna su ba. Mahaifiyar irin wannan ba atamfa take jira ba, fuskar ɗanta take son gani. Zumunta a ƙafa take. Idan hotunanmu suna ɗaure ƙafar 'yan uwanmu, to kafar da ake kira ta sada zumunta ta zama ta yanke shi.

MA'AUNI DA SHAWARWARI

Ban zo in ce a jefar da waya ba, kuma ban ce a daina murnar Sallah ba. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Ma'aunin da nake ba da shawara mu riƙe guda ɗaya ne: abin da aka yi wa gari a bayyana shi, abin da aka yi wa mutum a rufe shi. Daga wannan nake kawo shawarwari kamar haka:

1. Duk aikin da ƙungiya ta yi da kuɗin jama'a, rijiya ce ko aji ko magani a asibiti, a buga shi a wannan mujalla da hotonsa da lissafinsa, kwabo da kwabo. A nan ɓoyewa ce abin zargi.

2. A rabon kayan azumi da na Sallah, ƙungiya ta haramta ɗaukar fuskar mai karɓa. A ɗauki buhunan a rumbu kafin a raba, a rubuta adadin gidajen da aka kai wa, liman da mai unguwa su shaida. Wannan ya isa hujja ga duk mai neman hujja.

3. A daina tara marayu da zawarawa da tsofaffi a layi. A bi su gida, kamar yadda iyayenmu suke yi.

4. Masu hali su gwada wata dabara da Turkawa ke ba da labarinta tun zamanin daular Usmaniyya: a cikin azumi mutum ya je wurin mai kanti ya biya bashin da ke cikin littafinsa, ba tare da ya san masu bashin ba, su ma ba su san shi ba. Masu kanti da masu awo da teloli na garinmu duk suna da irin wannan littafi.

5. Wanda aka yi wa kyauta ya koma ga "a taya ni godiya" ta asali. Ya kira mai kyautar, ya gaya wa iyaye, ya yi addu'a. Iyaye mata su ja kunnen 'yan mata cewa abin da saurayi ya kawo na cikin gida ne.

6. Kafin kowannenmu ya ɗora hoto, ya tambayi kansa: da ni ne a durƙushe a cikin hoton nan, ko mahaifiyata, zan so a gani? Wane ne kuma zai kalle shi ya kwana da baƙin ciki?

7. Shugabanni su sanar da kowane ɗan ƙungiya cewa zuwansa gida da Sallah shi ne babbar gudummawarsa, ko da goro ɗaya ya riƙo.

KAMMALAWA

Mai girma shugaban taro, mu da muke zaune a birane mu ne madubin yaran da ke gida. Abin da suka ga muna yi shi za su ɗauka wayewa. Idan suka ga muna bayarwa muna shela, za su tashi da tunanin cewa alherin da ba a ɗauka a hoto ba ya faɗi banza. Alhali Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Mu kanmu shaida ne. Da yawa daga cikinmu da suka yi karatu a Birnin Kudu ko Kano ko Zariya, akwai wanda ya taɓa biya mana kuɗin mota ko na jarrabawa, ko ya auno hatsi ya kai gidanmu a shekarar da damina ta ƙi. Wasu mun san su, wasu har gobe ba mu sani ba. Da sun ɗauke mu hoto a wancan hali, da yau ba mu iya zama a kan waɗannan kujeru muna ɗaga kai ba.

Game da gwaggona, na je na ba ta haƙuri, na goge hoton daga wayata, ko da yake ba ni da ikon goge shi daga wayoyin mutane. Ta ce ba komai, Allah Ya yafe mana. Yanzu idan zan aika mata da abu, ƙanwata nake ba, ta kai da dare.

 Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne, ina neman afuwa. Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya jiƙan magabatanmu, Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya ɗaukaka Kwandiko da ƙaramar hukumar Gwaram da jihar Jigawa da Nijeriya baki ɗaya. Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya.